Karan da Aka Binne a Gonar Sajan

Sajan Dawuda ya bar aikin soja a shekarar 2001. Ya dawo gida Dabai da akwatunan ƙarfe biyu, da gwiwa ɗaya mai ciwo, da wata ɗabi'a da ya ɗauko daga bariki: ba ya son ganin ko tsinke a ƙasa. Sau biyu ake share tsakar gidansa a rana. Duwatsun bakin ƙofa an shafa musu farar ƙasa. Har awakin matarsa, Mama Leah, maƙwabta suna cewa a layi suke fita kiwo.

Gonarsa ma haka. Da an gama girbi sai ya sa a tattara kara da tushiya da ganye, a cinna musu wuta, a bar ƙasa fes kamar filin fareti. In damina ta zo ya zuba takin zamani. A shekarar farko dawarsa ta yi kyau har masu wucewa a mashin suna rage gudu don su kalla. Tun daga nan babu wanda ya isa ya gaya wa Sajan yadda ake noma.

'Yarsa Saloma malama ce a makarantar firamare. Akwai wanda take so, sunansa Yari, dogo ne mai ƙarancin magana. Da rani kabu-kabu yake yi da mashin tsakanin Dabai da Zuru, da damina ya ɗauki garma.

A nan sai na ɗan tsaya in yi bayanin golmo, saboda wanda ba ɗan ƙasar Zuru ba. A al'adarmu saurayi noma yake yi wa uban yarinya, shi da abokansa, kafin a ba shi ita. A da damina bakwai ake yi. Yanzu wasu sun daina, wasu sun rage. Amma abu ɗaya bai canza ba: mai golmo ba ya musu da surukinsa. Ko an ce masa rana daga yamma take fitowa, "to, Baba" zai ce.

Ranar da Yari ya zo gaisuwa, ya durƙusa a gefen tabarma, Sajan ya dube shi tun daga kai har ƙafa kamar sabon kurtu.

"Ni ba mutumin da ba ne," in ji Sajan. "Na ga Legas, na ga Laberiya. Ba zan riƙe ka shekara bakwai ba. Ka ga wancan rumbun na kusa da madafa?"

"Na gani, Baba."

"Na ba ka gonar tudu. Ranar da ta cika wannan rumbun da dawa, ka zo ka ɗauki matarka. Ko bana ne."

"To, Baba."

Saloma tana bayan zana tana saurare, daɗi ya kama ta, don rumbun ba babba ba ne. Da ta juya sai ta ga mahaifiyarta ta yi tagumi.

"Mama, lafiya?"

"Gonar tudu," in ji Mama Leah, "ko gara ta yi ƙaura daga cikinta."

Gaskiya ta faɗa. Gonar ta gado ce. Lokacin da Sajan yake aikin soja ƙaninsa ne ya noma ta, shekara goma sha biyar, daga buhun taki sai ashana, har ta gaji ta koma jar ƙasa mai tauri.

Da ruwan farko ya sauka Yari ya zo da abokansa shida, suna waƙa. Garma ta farko da aka sara sai ta yi ƙara kamar an bugi ƙarfe, waƙar ta tsaya. Duk da haka suka yi huɗa, suka shuka, Yari ya zuba takin zamani ba ƙaƙƙautawa. Amma ruwa ba ya shiga ƙasar. A kanta yake gudu, ya kwashi takin ya gangara da shi rafi. Ciyawar bakin rafi ce ta yi ƙiba a wannan shekarar. Dawar kuwa ta tsaya iya ƙugu, ga ciyawar wuta-wuta ta fito da furanninta tana shanye ɗan abin da ya rage.

Dami shida aka samu. Sajan ya hau tsani ya leƙa cikin rumbun, ya yi gyaran murya.

"Kurtu, rumbun nan amsa mini magana yake yi."

"To, Baba."

Yari ba wawa ba ne. Ya lura cewa a bayan gidajen mutane, inda ake zubar da shara da toka da kashin dabbobi, masara ba ta neman komai. Don haka bai share gonar ba bayan girbi. Ya bar karan a kwance. Duk ranin nan kuma yana bi gida-gida yana roƙon kashin awaki, yana ɗaurawa a bayan mashin yana kaiwa tudu, har fasinjojinsa suka fara tambaya ko ya koma fataucin bunsuru.

Saboda ciwon gwiwa, ranar Asabar kaɗai Sajan yake iya hawa tudu duba gona. Wata Asabar ya iso da sandarsa, ya tsaya a bakin gona, ya nuna karan da ke kwance.

"Wagga wace irin ƙazanta ce?"

"Kara ne, Baba."

"Na san kara ne, an ce maka ni makaho ne? Gona na ba ka ko juji? A tattara, a ƙone. Ina so in hangi hayaƙi daga gida."

Yari ya russuna. "To, Baba."

Haka wahalar rani guda ta tashi a hayaƙi. Damina ta biyu ta ba da dami bakwai.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Saloma ta tare Yari a gindin mangwaro.

"Me ya hana ka gaya masa?"

"In ce masa me?"

"Ka ce masa ƙasar yunwa take ji."

"Saloma, golmo nake yi."

"To madalla. Ka ci gaba da 'to, Baba' har in yi furfura. Dami ɗaya kake ƙarawa a shekara, na yi lissafi a allon aji. Ranar auren da sanda za a shigo da ni coci."

"Ni zan saya miki sandar," in ji Yari. Ta yi niyyar ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Da yamma ta gwada da kanta. Ta kai wa mahaifinta tuwo, ta zauna, ta fara bayani a hankali, cewa karan da ya ruɓe shi ne ke sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa. Sajan ya saurara har ta gama, ya suɗe hannu.

"Malama, alli kika sani. Ranar da kika ga na shigo ajinki ina koyar da ABCD, ki zo ki koya mini noma."

Washegari Saloma ta sami mahaifiyarta tana share garken awaki, ta karɓi tsintsiyar tana shara da ƙarfi kamar ƙasar ce ta yi mata laifi. Mama Leah ta bar ta ta huce tukuna.

"Kakarki a kan dutse ta yi noma," in ji ta. "'Yar gonar ba ta da girma, amma shekara arba'in tana ciyar da mu, ba ta san buhu ba. Ba ta taɓa ƙona kara ba. A kwarin da ke tsakanin kunyoyin gona take shimfiɗa shi, ta zuba kashin awaki da toka, ta fasa tsohuwar kunyar ta rufe. Baɗi a kansa za ta shuka. Takin buhu ba mugu ba ne, amma shayi ne, yana tayar da mutum, ba ya riƙe ciki. Tuwo ke riƙe ciki."

"Mama, duk na san wannan. Baba ne bai sani ba."

"Sai ya sani? Ubanki sama yake dubawa. A bariki, ranar da manya za su zo duba gidaje, duk tarkacena ƙarƙashin gado nake turawa. Sau uku ana ba mu lambar tsabta."

Saloma ta daina shara. "Hayaƙi fa? Daga gida yake hangowa."

"Ku tara ƙaya da wuta-wuta a gefe ku ƙone. Su dama wuta ce ta dace da su."

Da Saloma ta kai wa Yari maganar, kwana uku bai ba ta amsa ba. Ɓoye wa suruki abu ba ƙaramin laifi ba ne. In ya gane, yana iya cewa golmon ya rushe, kuma babu dattijon da zai ga laifinsa. A rana ta huɗu Yari ya zo da mashin ƙofar makaranta, ya ce, "Kashin awakin Mama, buhu nawa zai yi?"

Aikin ba wasa ba ne. Dole su fara ranar Litinin su gama kafin Asabar, ga ƙasa ta soma bushewa. Abokan Yari suna shimfiɗa kara a kwari suna rufewa suna guna-guni.

"Mun yi golmo a gidaje da yawa," in ji ɗaya daga cikinsu, "amma ba mu taɓa zuwa jana'izar kara ba."

Ranar Juma'a hayaƙi ya tashi daga tudu. Ranar Asabar Sajan ya hau, ya ga kunyoyi a miƙe, ko ganye babu.

"Yanzu ka fara zama mutum," in ji shi.

"To, Baba," in ji Yari, idonsa a ƙasa.

Zan so in ce nan da nan gonar ta farfaɗo, amma ba haka ƙasa take ba. Damina ta uku dami goma sha huɗu ta bayar. Yari ya karaya. Mama Leah ta aika Saloma ta gaya masa cewa wanda ya yi shekara goma sha biyar yana jinya ba ya tashi da kwano ɗaya na kunu. Suka sake binnewa. Suka shuka wake a tsakanin dawar, Sajan bai hana ba tun da a layi yake. Harawar waken aka riƙa ba awakin Mama Leah, awakin kuma suka riƙa mayar da ita gona ta hanyar da suka iya.

A damina ta huɗu garma ta daina ƙara. Ƙasar ta fara yin duhu, in an yi ruwa sai ta sha maimakon ta kore shi. Ɗan takin zamanin da Yari yake sawa, wanda bai kai rabin na da ba, yanzu yana zama inda aka sa shi. A tsakiyar daminar ruwa ya ɗauke har mako uku. Ganyen dawar babbar gonar Sajan ya nannaɗe, na tudu ko a jikinsa. Rumbu ya wuce rabi.

Ita kuwa babbar gonar kullum baya take yi. Kowace shekara Sajan yana ƙara buhu, dami yana raguwa. Ya ce takin yanzu ne ba shi da ƙarfi kamar na da.

Damina ta biyar, wato ta 2006, dawar tudu ta fi Yari tsawo, zangarniya ta sunkuyo don nauyi. Ranar girbi Sajan ya saka tsohuwar hularsa, ya aika aka kira abokinsa Kofur Talle. Tare suka shiga soja, amma Talle ya riga shi bari da daɗewa, ya koma noma da kiwo, kuma tun suna samari ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Suka hau tudu a hankali. Yari da abokansa suna ta ɗaure dammuna.

"Kalla da kyau, Kofur," in ji Sajan. "Gonar da kuka ce ta mutu. Tsabta, da horo, da buhu a kan lokaci. Ba irin jujin da kake kira gona ba."

Talle ya ƙarasa cikin gonar. Ya dogara sandarsa a kan kunya don ya huta, sai sandar ta nutse. Ya dube ta. Ya miƙa hannu aka ba shi fartanya, ya sara sau biyu, ya ɗebo ƙasa ya shinshina. Baƙa ce, mai laushi, ga guntayen karan bara da suka ruɓe, ga ragowar kashin awaki a ciki.

"Oga Sajan," in ji Talle, "ashe kai ma binne kara kake yi? Shekara nawa kana zagina a kan abin da kake yi a ɓoye?"

Masu ɗaurin dami suka tsaya cak. Sajan ya dubi hannun Talle, ya dubi ramin, ya juya.

"Kurtu."

"Baba."

"Na ce a ƙone?"

"Ka ce, Baba."

"An ƙone?"

Yari ya ajiye damin da ke hannunsa. Shekara biyar bakinsa kalma ɗaya ya sani a gaban mutumin nan.

"A'a, Baba."

Sajan ya gyara hularsa, ya juya ya gangara shi kaɗai, bai jira Talle ba.

Aka ci gaba da kwasar dawa don ba a barin ta a gona. Kafin la'asar rumbu ya cika har baki, dami uku suka rage a waje. Amma babu wanda ya yi guɗa, domin mai gidan bai dawo ba. Saloma ta zauna a kan turmi ta tashi, ta sake zama. Yari yana tsugune a bakin ƙofa. Mama Leah kaɗai ce ke tsintar wake a faifai kamar ba abin da ya faru.

Rana ta yi sanyi sannan Sajan ya shigo yana ɗingishi, aljihun wandonsa biyu sun yi nauyi. Ko kallon rumbun bai yi ba. Ya zauna a kujerarsa.

"Saloma, faranti biyu da kofin ruwa."

Ta kawo. Ya juye aljihun dama a faranti ɗaya, baƙar ƙasa. Ya juye na hagu a ɗayan, ƙasa fara-fara kamar yashi.

"Wannan ta tudu ce. Wannan ta babbar gonata."

Ya damƙi baƙar, ta dunƙule a hannunsa. Ya damƙi farar, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya tsiyaya ruwa a kan kowacce. Baƙar ta shanye. Farar ta bar ruwan ya malale gefen faranti. Ya daɗe yana kallo.

"Lokacin da na dawo daga soja, babbar gonar nan baƙa ce," in ji shi, kamar da farantin yake magana. Sannan ya ɗago. "Shawarar wa ce?"

"Tawa ce, Baba," in ji Yari.

"Tawa ce," in ji Saloma.

Mama Leah ta hure ƙaiƙayi daga faifai. "Baban Saloma, lambar tsabtar nan da ka rataya a ɗaki, ranar da aka ba mu ita, ka leƙa ƙarƙashin gado?"

Sajan ya dube ta. Gashin bakinsa ya motsa. Ya yi tari don ya danne abin da ke tasowa, bai dannu ba, dariya ta kuɓuce masa har sai da ya dafe gwiwarsa mai ciwo.

"Wato a cikin gidana aka yi juyin mulki, ni ina ta fareti."

Ya share ido ya sake tsuke fuska. "Kurtu, matso. A soja ƙin bin umarni hukunci gare shi. Ranar Litinin ka zo babbar gona da garmarka."

Saloma ta matso kusa. "Baba, wato golmon bai ƙare ba?"

"Wa ya ce? Ba ki ga rumbu ba? Tun daga bakin hanya na hango dami a waje. Magana ɗaya nake yi. Ku je ku ga fasto, a sa rana kafin Kirsimeti." Ya nuna Yari da sanda. "Na Litinin ba golmo ba ne. Koya mini zai yi. Kuma duk wanda ya gaya wa Talle, ba ni ba shi."

"To, Baba," in ji Yari, kuma a wannan karon murmushi ya hana shi faɗa da kyau.

Ranar Litinin mutanen da suka bi ta hanyar Zuru sun ga Sajan Dawuda a sunkuye a cikin gonarsa, yana shimfiɗa kara a kwari ɗaya bayan ɗaya, Yari yana biye da garma yana rufewa. Aikin ya yi ta jan lokaci, domin Sajan sai ya daidaita kan kowane kara da na kusa da shi.

"Baba, ai rufewa za a yi," in ji Yari. "Ba mai gani."

"Ni na sani," in ji Sajan. "Ko a ƙarƙashin ƙasa ne, a layi za su kwanta."